Tuffar Baba da Zarton Clarrie

Cygnet, Tasmaniya
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Noeline,

Gaisuwa mai yawa daga ni da mutanen gida. Ina fata kuna lafiya ke da Desmond da yara, zafin garin Darwin bai gasa ku ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan kaka ta shigo da ruwa, ganye sai zuba yake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne tuffar da Baba ya dasa a bakin tagar Mama. Kin san dokarsa: ba a kai wa tuffa zarto sai ganyen ƙarshe ya faɗi, don sara a lokacin danshi ruɓa yake jawowa. To, ranar Asabar na tarar da maƙwabcinmu Clarrie a kan tsani, ya datse rabin rassanta, ya aske shingen gaba har ƙugu. Na tambaye shi wa ya aike shi, ya washe baki ya ce taimako ne kawai, wai in sauke hancina kada ruwan sama ya shiga. Clarrie da ko ashana ba ya ba da aro! Na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa, so yake barandarsa ta hango kogi gidansa ya yi tsada. Na wanke shi tas.

Da na shiga ciki ina huci, Mama ta ce in daina haushi kamar karen gona, ita ta roƙe shi. Wai rassan sun tare mata titi, daga gadonta ba ta ganin inda motar haya ke sauke mutane. Na gane ke take jira, na ce mata ai sai Kirsimeti za ki zo, a bari sanyin Yuli ya shigo mana a sare yadda ya kamata. Ta gyara bargo, ta ce itace na iya jiran Yuli.

Noeline, ruwa ba ya tsami banza. Matar da ta hana mu karya ko tsinke a jikin bishiyar nan! Rigunanta sun yi mata yawa, kuma sai yanzu na ji ashe sau biyu Clarrie na kai ta wurin likita a ɓoye. Tsoro nake ji. Kada ki jira Disamba.

Ki gaida Desmond, da Rhys, da 'yar auta Bronte. Inna Beryl na gaishe ku.

Yayarki,
Glenys