Ƙofar da Za Ta Buɗe Kanta

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar Baba? Ki ce wa Declan na ga hoton jaririn, yaron ya yi sa'a bai ɗauko hancin ubansa ba.

Lafiya lau nake a Yorkshire. Ɗakin gadin da suka ba ni a jikin katangar tsohon gidan da nake aiki yana ɗan yoyo, amma yoyon tarihi ne, doka ta hana a taɓa ginin. Aikin bai canza ba: mota ta yi hon, in fito da digirina na tarihin gine-gine in ja ƙofar ƙarfe.

Jiya Misis Haldane, mai gidan, ta sauke gilashin motarta. "Nuala, 'yar nan, ke ce mai boko. Jikana yana so a sa wa ƙofar inji, ta riƙa buɗe kanta. Tsohuwar za ta jure?"

Da na ce a'a, ba mai musa mini, ɗakin kuma ya ci gaba da zama nawa. Na dubi ƙarfen nan da maƙeri ya murɗa tun ba a haifi kakarta ba.

Na ce, "Za ta jure, ranki ya daɗe. Ta fi mu duka ƙwari."

"Madalla! Kin huta da fita cikin ruwan sama."

Lallai zan huta, aikin da ɗakin duka za su tafi daga ƙarshen wata. Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki dai tambayar mini Anti Bríd ta Leeds ko doguwar kujerar falonta tana nan.

Allah ya ƙara muku lafiya. Ana hon a waje, bari in je in buɗe.

'Yarki,
Nuala