Rasuwar Sista Maijidda da Amanar da Ke Ɗakinta

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Sanyin Zuciya, mai tallafa wa masu fama da ciwon damuwa a Daura da kewayenta, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma mai kula da magungunanta, Hajiya Maijidda Ɗantsoho, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, wadda aka fi sani da Sista Maijidda, a makon jiya bayan gajeruwar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin Shugaban ƙungiya da dattawanta da mambobinta na Daura, Dutsi da garin Babban Mutum, muna miƙa ta'aziyya ga yayanta, dattijo Alhaji Kalilu Ɗantsoho, da 'ya'yanta, Malam Musaddiq da Malama Sadiya, da sauran dangi baki ɗaya.

Marigayiya ta riƙe mutanen da ba sa so a san suna da ciwo. A garin nan, da an ga mutum yana zarya ɗakin likitan ƙwaƙwalwa, kafin ya iso gida an gama kiransa mahaukaci, don haka ita ke karɓo abin da likita ya rubuta wa kowa ta ajiye a ɗakinta, mutum ya shigo kamar mai zuwa gaisuwa, ya fita da ƙullinsa a aljihu. Mace ce mai faɗa, ba za mu ɓoye ba, babu ɗayanmu da bai sha ba. Amma bakinta bai taɓa fitar da sunan kowa ba.

Aikinta na ƙarshe shi ne mafi wahala. Da tsohon maganin da yawancin mutanenmu suka daɗe suna sha ya fara ɓacewa daga kyamis, likitan da ke zuwa daga Katsina wata-wata ya ce a mayar da su kan wani sabo, a riƙa rage na da sannu a hankali. Ita ke zama da tabarau tana raba ƙwaya, tana ƙulla wa kowa gwargwadon inda ya kai. Ta sha faɗa mana cewa wannan magani ba a tuɓe shi lokaci guda kamar takalmi. Ta ga abin da ke samun wanda ya yanke shi kwatsam: jiri, tashin zuciya, barci ya ƙaurace, kuka ba dalili, wani ya ce kamar lantarki ke jan sa a ka, 'yan'uwa kuma su ɗauka iska ce ta taɓa shi.

Da nauyin baki muke faɗin abin da ya rage. Bayan jana'iza, Alhaji Kalilu ya sa kwaɗo a ɗakin marigayiya kamar yadda aka saba, har sai Malam Musaddiq ya dawo daga karatu a ƙasar waje an raba gado. A cikin ɗakin akwai kwali guda, kuma a cikinsa ragowar tsohon maganin yake. Mun zaga kyamis na Daura da Katsina, ba mu samu abin kirki ba, likita kuma sai ƙarshen wata. Mun je mun roƙi Alhaji. Ya ce wallahi ba ya zargin kowa, amma ko allura ba zai fitar daga dukiyar magada da jin maganar baki ba, in dai amana ce, mutum ɗaya cikin masu ita ya tsaya gaban shaidu biyu ya ce tasa ce, shi kuwa ya miƙa kwalin gaba ɗaya.

Ba mu ga laifinsa ba, tsoron Allah ne ya sa shi. Sai dai mutanenmu sun zauna kan tabarminsa kwanakin zaman makoki, rashin maganin yana cin su, wata baiwar Allah ta yi ta kuka har mata suna yaba ƙaunarta ga marigayiya, babu kuwa wanda ya iya miƙewa ya ce tasa ce. A cikinsu akwai matar aure, akwai ladan, akwai budurwar da aka sa wa rana. Mun gaji da bin su gida-gida muna lallashi, su ma sun gaji da ganinmu. Muna dai roƙonsu kada kowa ya ari maganin wani, kada kuma ya ƙara wa kansa sabon ba da sanin likita ba.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙan Hajiya Maijidda, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ga Alhaji Kalilu kuma, an samu mutum ɗayan. Garin nan ya san ni tsohon hedimasta mai rubuta wa ƙungiya takardu, ban da matata da marigayiya babu wanda ya san ni ma ina karɓar ƙulli. Na san abin da za a faɗa a majalisa, na san 'ya'yana da ɗalibaina za su ji, kuma ba na jin daɗinsa. Amma rabona da barcin kirki tun ranar da aka kai marigayiya makwancinta. Gobe bayan La'asar, in Allah Ya kai mu, zan tsaya ƙofar ɗakin da shaidu biyu. Alhaji ya taimaka ya zo da makulli.

Malam Sha'aban Ya'u Dutsi
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Sanyin Zuciya, Daura