Ba Wanda Ya Ce Mana Kada Mu Tausa Ƙafar Inna

Zuwa ga Mudir, shugaban asibitin ƙashi da ke Khartoum inda aka yi wa mahaifiyata aikin ƙugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka.

Sunana Hajara, ina ɗinkin kayan mata a bayan Kasuwar Umdurman. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta rasu ba ta cika mako uku ba da sa mata sabon ƙugu a asibitinku. Gudan jini ne ya taru a ƙafarta, ya tashi ya toshe mata huhu. Ba diyya nake nema ba, kwananta ne ya ƙare. Na rubuto ne saboda ƙanwarta, Goggo Ladi, tana jiran aikin gwiwa a wurinku, kuma ni ce zan yi jinyarta.

Na farko. Aikin kansa ba ni da ta cewa a kansa, likitan ya san hannunsa. Sallamar ce aka yi mana ta gaggawa. An miƙo takarda da Turanci, da kwalin allurai da za a riƙa yi mata a fatar ciki, da doguwar safa mai matse ƙafa. Ma'aikaciyar jinya ta yi wa Inna bayani da Larabci lokacin da na sauka neman raksha, babur mai ƙafa uku da zai kai mu gida. Inna kuwa Larabcinta na cefane ne da gaisuwa. Da na dawo na tambaye ta, ta ce an ce a yi allura kullum, a kuma kula da ƙafar. Iyakar abin da muka fito da shi ke nan.

Na biyu. Allurar nan mun ɗauka ta kashe zafi ce. Da ciwo ya lafa bayan mako guda, Inna ta ce a daina huda mata ciki haka nan, muka daina. Safar kuma, a zafin Umdurman, tun ranar farko ta tuɓe ta ta cusa ƙarƙashin matashi. Sai bayan rasuwarta wani likita ya gaya mini allurar ta tsinka jini ce, ana yin ta makonni ko da babu ciwo.

Na uku, wannan ne nake so ka karanta da kyau. A gidajenmu, tun kakanninmu da suka taso aikin hajji suka zauna a nan, ƙashi aikin mai ɗori ne, kuma dokarsa ɗaya ce: a kwanta, ba motsi sai ƙashi ya kama. Haka muka yi. Muka ajiye mata angarib, gadon igiya, a inuwar tsakar gida. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa har daga unguwar Aljirif mai nisa, kowa na ja mata kunne kada ta motsa ta ɓata aikin likita. Ko buta ba mu bari ta ɗauka ba. Ita ma ta rage shan ruwa don kada ta riƙa wahalar da ni da kai ta bayan gida. Ashe tafiyar da muka hana ta ita ce maganin.

Na huɗu. Sharaɓar ƙafarta ta hagu ta kumbura ta ɗauki zafi. Na ɗumama man riɗi na riƙa tausa mata safe da yamma, kamar yadda ake yi wa kowace tsohuwa a unguwarmu, tana sa mini albarka. A rana ta uku bayan la'asar numfashinta ya sarƙe, ta dafe ƙirji. Muka ɗauke ta sai asibiti, ba mu gama haye gadar shiga Khartoum ba ta cika.

A takardar da kuka bayar bayan rasuwarta an rubuta cewa iyali ba su bi umarni ba. Gaskiya ne, ba mu bi ba. To amma, ranka ya daɗe, wane umarnin ne ya iso mu? Wallahi da mutum ɗaya ya tsayar da ni minti biyar, da ban kai hannu ƙafar nan ba. Wannan abin yana ci mini rai har yau.

Ga roƙona. Kada a sallami mai irin wannan aikin sai an zaunar da wanda zai yi jinyarsa a gida, an yi masa bayani da harshen da yake ji. Masu jin Hausa suna nan cikin ma'aikatanku, na gaisa da su. A faɗi amfanin allurar da ranar da za a daina ta. A faɗa ƙarara cewa wannan ba ɗori ba ne: a tashi a taka, a motsa idon sawu, a sha ruwa, a bar safar a ƙafa. A kuma ce idan ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya a garzayo asibiti, kada a tausa.

Goggo Ladi ta riga ta sayi man riɗinta, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Na yi mata bayani, ta ce yaushe tela ta zama likita. Daga bakinku kawai za ta ji.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa waraka a hannun likitocinka, Ya jiƙan Inna.

Wassalam.

Hajara mai ɗinki, Umdurman.