Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba

Yelwa, Laraba, saura kwana uku Babbar Sallah, 1983.

Zuwa ga ƙanwata Mariyamu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidan da yara da mutanen Wara? Ni dai tari ya sassauta, amma ƙafafun sun ƙi kai ni ko masallaci.

Kin tambaye ni wa ke yi mini girki tun rasuwar matata Kulu. Tamada ne, ɗan daudun nan mai tuwo a tasha. Shi ke kawo mini kunu, ya wanke mini gyambo. Maƙwabta sun turo Modibbo ya ce in daina cin abincinsa. Na tambaye shi wa zai kawo mini wani, sai ya shiga zancen damina. Ga shi irin wannan hali ne ya sa na kori ɗana na fari, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na rasa gane kaina.

Ashe Tamada ya san shi. Yaron yana Kwantagora yana suyar kifi, suna zaune da wani namiji wanda ya yi jinyarsa da ya yi ciwon shawara. Wai yaron yana cewa tun yana ƙarami na tsane shi, tunda ban taɓa kiran sunansa ba. Mariyamu, kunyar ɗan fari ce fa! Haka Baba ya yi mini. Na ɗauka ya sani.

Na ba Tamada takarda ya kai masa, na ce ya zo sallah. Ki taya ni addu'a.

Yayanki,
Ɗahiru.

Yelwa, Litinin.

Ƙanwata Mariyamu,

Barka da sallah, ina fata kun yi ta lafiya. Zazzaɓi ya dawo mini.

Takarda ta isa. Sai dai hannuna ya kasa rubuta sunan a kanta, "Mai kifi" na sa. Kafin Tamada ya tafi ya tambaye ni ko yaron zai iya zuwa da abokin zamansa. Na ce ban sani ba. Wannan ma ya kai masa yadda na faɗa. Har yau ban sani ba, Mariyamu. Abin da aka koya mana daban, abin da zuciyata ke so daban.

Na ajiye masa cinyar rago. Jiya da yau an fito da ni ƙofar gida, duk motar da ta tsaya sai in ɗaga kai. Bai zo ba.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Ɗahiru.