Ranar da Aka Roƙi Baba Ya Yi Shiru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau, sai dai Baba. Ka san tun rasuwar Inna maganarsa ba ta wuce to da a'a, kuma likita ya ce in bai riƙa fita yana taka ƙasa ba, zaman nan zai kwantar da shi. Abin yana cina a rai ƙwarai.

Ka ce in duba maka filin wasan ƙwallon golf na bayan asibiti, ko ya isa ka ɗauko sandunanka in za ka zo. Ni da ban san kan wasan ba! Amma son sani ya ja ni, na lallaɓa Baba ya raka ni. Na yi hayar sanduna, wani dattijo mai gilashi ya yarda mu bi shi. Ya ce babbar doka ita ce in mutum zai buga, ko tari ba a yi. Na ce a raina ai don Baba aka kafa ta.

Ciyawar bakin ramuka sumul take kamar darduma, amma tsakiyar filin ta yi sanƙo, ga kuma wani kududdufi mugu wajen haɗiye ƙwallo, ga tarin yashi nan da can. Wai Yaya, da gangan ake zuba yashin nan don a wahalar da bayin Allah? Tawa ƙwallon ta faɗa cikin yashin, na buga iya ƙarfina, yashi ya cika min ido da baki, ƙwallo ko motsi. Sai Baba, ka san tsohon magini, ya tsuguna ya murza yashin da yatsa, ya ce wannan asarar yashin filasta ce. Ya fashe da dariya, ya shiga labarin yadda ya gina wa Inna ɗakinta, bai tsaya ba har dattijon, yana shirin bugu, ya juyo ya roƙe shi ya yi shiru. Na juya baya na yi kukana na farin ciki.

Wataƙila a idonka filin bai kai ba, a wajena kuwa ba shi da na biyu. Yau da safe na tarar da Baba a bakin ƙofa, ya riga ya sa takalmi, yana tambayar yaushe za ka iso. Ka ɗauko sandunan, ka zo tun bakinsa yana buɗe.

Ka gaishe min da Anti, da Gwaggo, da Autanka mai rigima. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai yashi a ido.