Baba, Wani Mutum Yana Zama a Ƙofar Ajina

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Haruna tela na kasuwar Omdurman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinka.

Yau ɗaya ga Janairu. Yaran da nake koyarwa sukan rikice idan sun ga takardun kakanninsu duk ranar haihuwa ɗaya ce a jiki, har wasu su tambaya ko a dā sau ɗaya ake haihuwa a shekara. Nakan bayyana musu cewa wanda aka haifa a gonar auduga ko a hanyar hajji ba a rubuta ranarsa. Sai ya girma likita ya dube shi ya ƙiyasta shekarunsa, a ba shi farkon shekara. Kai ma haka aka yi maka, amma ba ka taɓa yarda ƙiyasi ba ne. Da yake ranar ta dace da bikin 'yancin ƙasa, sai ka sa farar jallabiyarka, ka tsaya a ƙofar gidanmu na unguwar Sahafa kana ɗaga wa motocin soja hannu, kana cewa, "Ku duba, gwamnati ba ta manta da ni ba, har hutu ta bayar." Inna tana jan rigarka ta baya, tana cewa wata rana bakinka zai kai mu inda ba ma so.

Ba don tuna dariya kaɗai na rubuto ba, Baba. Shawara nake nema.

Bayan ka rasu na buɗe aji a unguwar Mayo, a ƙarƙashin rumfa, bayan la'asar. Yawancin yaran 'ya'yan Hausawa ne masu shirin jarrabawar gama firamare, kuma ba su da wani wurin bita sai nan. Wata malama ta taɓa yin irin wannan aji a layin bayanmu. Wani ya kai labarin cewa siyasa take koyarwa, aka zo aka kwashe bencunanta, aka kira ta tambayoyi. Ba ta sake riƙe alli ba.

To, ga wani mutum ya fara zama wajen mai shayin da ke fuskantar rumfata. Ya ce sunansa Siddig, yana aiki a wani ofis a Khartum, bai faɗi wanne ba. Takalminsa kullum a goge, a unguwar da ba a goge takalmi. Ya kawo mini alli kyauta. Ya tambayi littattafan da muke karantawa, da 'ya'yan wa da wa ke zuwa. Ya ce ya san ka, kai ka ɗinka masa rigar angonci.

Larabci kawai yake yi da ni. Amma ran nan wata ɗalibata, Rabi, ta ce da Hausa in alli ya ƙare sai mu rubuta da gawayi a ƙeyar Sani, tun da an yi masa aski. Mutumin ya yi dariya kafin kowa, sai ya mayar da ita tari. Da wata tsohuwa ta zo wucewa kuma, na ga gwiwarsa ta fara lanƙwashewa zai durƙusa mata, sannan ya tuna ya miƙe.

Ka san masu ɓoye Hausa a garin nan iri biyu ne. Akwai wanda ke tsoron a ce masa baƙo a hana shi takarda ko aiki, ya haɗiye harshen uwarsa yana jin ciwo. Akwai kuma wanda aka turo don yana ji, ba a san yana ji ba. Na rasa wanne ne Siddig. Wataƙila uba ne mai neman wa 'yarsa gurbi yana jin nauyi. Wataƙila kuma bencunana yake ƙirgawa. Abin ya kai har mai shayin nake yi wa kallon zargi, matar da ta ga tasowata.

Na tuna farkon hawan sojoji, lokacin da wani ya riƙa zama a bakin shagonka ba ɗinki ya kawo ba. Maƙwabta suka koma magana da ido. Kai kuwa ka gaishe shi da Hausa, kamar yadda kake fara gaida kowa ko da hafsa ne, sannan ka maimaita da Larabci. Ka zuba masa gahawa daga jabanarka, 'yar butar nan taka, ka ba shi bakin yadi ya riƙe maka, kana gaya masa ra'ayinka kan tsadar burodi da layin mai. Da na tambaye ka a hanyar gida, muna tsallake gada, ka ce, "Uwata, gara ya ji daga bakina, kada zama ya ishe shi ya ƙaga nasa."

Na tuna kuma da 'yan kwamitin unguwa suka ce za a ƙara mana rabon sukari in kana gaya musu masu taruwa a gidan maƙwabcinmu. Ka raka su har ƙofa da fara'a, ka dawo ka sanar da mu cewa daga yau gidan nan da dabino ake shan shayi, wai haka manyan likitoci ke yi. Mun sha haka har muka saba.

Ba zan ɓoye wa masu karanta wannan ba: dabararka ba ta hana a ɗauke ka ba. Ka yi kwanaki a hannunsu, ka dawo a rame, kana ƙorafin cewa telan da ke ɗinka musu kaki bai iya ɗinka wuyan riga ba. Mutumin nan ya sake zuwa shago, ka sake zuba masa gahawa. Na ji haushinka, Baba. Ka ce mini, "Ban sani ba ko shi ne. Ba zan hukunta shi da abin da ban sani ba, ba kuma zan ba shi amanar kowa ba."

Abin da zan yi ke nan. Gobe in ya zo zan tsallaka in ce masa, sannu da zuwa, ina wuni, da Hausa, a gaban mai shayi. Zan ce ya shigo ya zauna a bencin baya ya ji lissafi da nahawu da kunnensa. Sunan uban yaro ko ɗaya ba zai fita daga bakina ba. Ina jin tsoro, don in na yi kuskure, Rabi da Sani ne za su rasa aji, ba ni ba. Amma zargin nan ya fara cin darasina, yaran kuma sun fara koyon rage murya daga gare ni, abin da ban taɓa koya a gidanka ba.

Ku da kuke leƙa wasiƙar nan, in akwai wanda kuka daɗe kuna kallo ta wutsiyar ido, ku gwada gaishe shi da harshen gida, ku riƙe sirrin mutanenku. Siddig, in kana cikin masu karantawa, bencin yana nan.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya ƙara wa Inna lafiya, ya tsare rumfar yaran nan daga sharrin wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Amin.

Taka har kullum,
Hauwa, wadda kake kira Uwata