Shafin Farko da na Ƙarshe

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da gwiwar nan taki mai ciwo. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kada ki tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Ni ce da hannuna. Malamarmu ta ajin manya ta ce kowacce ta nemi wanda za ta riƙa rubuta wa don hannu ya saba, ni kuwa ban da wanda ba zai yi mini dariya ba sai ke. In kin ga layi ya gangara, ki bi shi a hankali, zai kai ki.

Babban labari shi ne ɗanki zai yi aure. Yarinyar 'yar mai kantin magani ce na bakin titi, doguwa, mai gilashi. Kin san aikinsa a maɗaba'a, shi ke rubuta sunaye da hannu a kan takardun shaida da katunan manya. To takardar gama karatunta shi ya rubuta, ta ga yadda ya lanƙwasa sunanta, ta bi sawu har wurin aikin don ta ga mai hannun. Yanzu sunan nan yana cikin gilashi a bangon falonsu. Kowane mako yana aika mata 'yar takarda da ya shafa wa turare.

Da kin gan shi yanzu. Alƙaluma uku a aljihun gaba, farar riga ba ɗigon tawada, farce a yanke tas. Abokansa Alƙalami suke ce masa. Yana cewa rubutun namiji ya fi agogonsa da takalminsa, wai riga ana aro, hannu kuwa ba a aronsa, kuma mace mai hankali tana duba sa hannun mutum kafin ta dubi fuskarsa. Ya yi rantsuwa katunan bikinsa ba inji da zai buga su, duk da hannu zai rubuta.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Shafina na farko, wanda na rubuta sunana sau da yawa ranar da na fara iyawa, ya ɗauke ya manna a bangon ɗakinsa. Na ɗauka alfahari ne. Ashe duk abokin da ya shigo sai ya nuna masa, ya ce tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito tana neman gida. Ranar da yarinyar ta zo gaishe ni ma ya nuna mata, ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ina tsaye da tiren shayi, ni ma na yi dariya don kada a ce ban san wasa ba. Ya kuma ja mini kunne, wai ranar biki kada in taɓa alƙalami, ko sunana ne wani zai rubuta mini.

Ban yi fushi ba, ɗana ne. Amma hankalina bai kwanta da yarinyar da ta fara son hannu kafin ta san mai shi ba. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida kowa da kowa.
Yayarki mai ƙaunarki.

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki, na karanta da kaina har ƙarshe. Na gode da ba ki ce komai a kan layukana ba.

Ba lafiya nake rubuto miki ba. Ɗanki ya ji ciwo a hannun dama. Mai kula da injin yanka takarda ya fita cin abinci, shi kuma yana sauri ya yanka ragowar katunan bikinsa, ya sa hannu inda ba a sawa. Yatsun suna nan, an ɗinke, amma likita ya ce jijiya ta taɓu, babban yatsa da manuni ba za su sake riƙe abu siriri ba. A hanyar gida ya ciro alƙaluman daga aljihu ya ba ni in riƙe, kamar mai ba da ajiyar gawa.

A wurin aiki sun mai da shi ɗaurin kwali a baya. Wani yaron da shi ya koya wa riƙon alƙalami ne a teburinsa yanzu. In zai fita sai ya cusa hannun a aljihu, ya ɗaga kafaɗa, wai ko gayu ne. Yarinyar kuwa ya gaya mata targaɗe ne, ya kusa warkewa. Ta daina samun takardarta ta mako, zuwanta ya ja baya. Uwarta ta tare ni a kantin, tana murmushi, ta ce yaushe angon zai ƙarasa katuna, rabin dangi sun samu rabi suna jira.

Auta, na gano yana koyon rubutu da hagu. Yana kulle ƙofa, kuma littafina mai layi ya ɗauka, irin namu na 'yan koyo. In ya gama sai ya yage ya dunƙule ya jefa a kwandon shara. Ni kuma ina tsincewa, in bi su da dutsen guga mai ɗan ɗumi su miƙe, in ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na farkon ba ya karantuwa ko kaɗan. Na bayan nan ana gane sunansa. Na taɓa ce masa ya sassauta riƙo, haka malamarmu ke cewa, sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce bai lalace ba har ya kai in koya masa.

A ajinmu, ƙarshen kowane wata, malama kan sa mu shimfiɗa shafin farko kusa da na ƙarshe a kan tebur, kowa ya zagaya ya gani, a tafa wa mutum. Ta ce ba a auna hannu da na wani, da jiyansa ake auna shi. Ranar da aka tafa mini har hawaye na yi. Ina ta tunanin da mutanen gidan yarinyar za su ga yadda yake ƙoƙari, da sun yi haƙuri.

Ki gaida yara. Ki yi mana addu'a.
Yayarki.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki da kika ce kada in je gidan yarinyar ta iso bayan na riga na je.

Na yi wanka na sa tufafin fita, na ɗauki shafukan a cikin jakar leda. Na tarar da su a falo, uban da uwar da goggon yarinyar da ƙannenta mata biyu. Bayan gaisuwa na faɗa musu gaskiyar hannun, na ce amma su duba, ba ragon namiji ba ne. Na kawar da kofuna, na shimfiɗa na farko da na ƙarshe a kan teburin gilashi, yadda muke yi a aji. Na koma gefe ina jira.

Ba wanda ya tafa. Uban ya sa tabarau ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi da ya tsufa yana karanta rubutun likitoci, yau ya gamu da wanda ya fi ƙarfinsa. Goggon ta tambaya wanne ne na farkon wanne ne na ƙarshen, don ita ba ta ga bambanci ba. Ƙannen suka ruga ɗaki, ina jin dariyarsu ta bayan labule.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta tashi ta sauko da sunanta mai gilashi daga bango, ta ajiye shi kusa da shafin ƙarshe, ta tsaya tana duban wannan tana duban wancan. Can ta ce, “Mama, wallahi na ɗauka naki ne.”

Na tattara takarduna, ban lura ɗaya ya rage ba. Ɗaya daga cikin ƙannen yarinyar ce ta ɗauke. Kafin a kwana biyu ya kai hannun abokan ɗanki. A wurin shan shayinsu suka manna shi a jikin allon mai shayi, wani ya rubuta a ƙasa wai sabon salon Alƙalami. Mutanen da suka sha roƙonsa ya rubuta musu takarda zuwa ga 'yan matansu, su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa. An ce ɗan kuka ke jawo wa uwarsa jifa, ni ga shi na jawo wa ɗana.

Da ya dawo ban ji ihu ba. Ya shiga ɗakinsa, ya ɓamɓaro shafina daga bango da hagunsa, ya kawo ya ajiye mini a cinya. Ya ce, “Kin rama. Yanzu sai ki huta.”

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce don shi na yi. Bai tsaya ji ba. Auta, ke kin san ni tun muna yara, ki faɗa mini ba rama na yi ba. Ni dai na san da kyakkyawar niyya na fita. Amma tun da ya faɗi haka nake tuna yadda na goge shafukan nan da kyau, da yadda na zaɓi mafi muni na sa a farko.

Ki amsa mini da wuri.
Yayarki.

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da maganin gwiwar da kika ce in gwada, ni ma tawa ta fara.

An fasa auren. Uban ya aiko cewa yarinyar tana son ta ƙaro karatu. Aka haɗo da sunanta mai gilashi a cikin kwali, da duk takardun mako ɗaure da zare, har yanzu suna ƙamshi. An ce ana ganinta a motar wani mai shagon kwamfuta, mutumin da ba wanda ya taɓa ganin rubutunsa.

Sai ga batun waɗanda suka riga suka karɓi kati, dole a sanar da su. Na ce ya buga a wurin aikinsu, ya ce ya gwammace ya mutu da yaron da ya gaje teburinsa ya karanta. Ya kwaso ragowar fararen katunan, ya ajiye a gabana tare da alƙalaminsa mafi tsada, wanda da ko taɓawa ba na yi. Ya zauna a bayana yana faɗa ina rubutawa. Duk wanda na karkace sai ya fizge ya yage, ya ce ko makaho ya fi ni. Ni kuma in sake wani. Tun yana yagewa har ya daina samun na yagewa. Da na juya na gan shi yana kallon hannuna, hannunsa a aljihu, a cikin ɗaki, ba kowa sai ni.

Ni na raba katunan gida gida. Telan unguwa ya karɓi nasa ya juya shi, ya ce ashe hannun Alƙalami ya fara dawowa. Na ce ba shi ba ne, ni ce. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani. Auta, takardar fasa auren ɗana ce a hannunsu, ni kuwa na tsaya ina washe baki. Har na kai gida daɗin bai sake ni ba. Allah ya yafe mini.

Yanzu ba ya kirana Mama, ba ya kirana komai. Ya daina kulle ƙofa don ya daina koyon. Ya rame, rigunan sun yi masa yawa, aljihun gaban fayau. Don Allah ki yi wa maigidanki magana, ko akwai wani aiki a wajenku da ba a riƙe alƙalami, inda ba wanda ya san yadda hannunsa yake a da. Ina tsoron abin da zaman nan zai haifar, ba na iya barci.

Alƙalamin yana wurina, bai nema ba, da shi nake rubuto miki. In ba ki jefar da wasiƙata ta farko ba, ki ɗauko ta ki shimfiɗa kusa da wannan, ki faɗa mini abin da kika gani.

Ki gaida maigida da yara.
Taki har kullum,
Yayarki.